Mako 14 na Doka, Kwana 40 na Al'ada: Wa Ke Riƙe Maijego a Jihar Diffa?

A jihar Diffa hutun haihuwa iri biyu ne, kuma kowace mace ta san wanda zai karɓe ta ranar da ta sauka. Akwai na takarda, wanda dokar Jamhuriyar Nijar ta yanka wa mai albashi: malamar makaranta, ungozomar asibiti, sakatariya, ma'aikaciyar banki ko ta ƙungiyar agaji. Akwai kuma na gado, wato jego, wanda ba a rubuta shi a kowane kundi ba, amma shi ne madogarar mafi yawan mata, tun daga masu tsinkar tattasai a bakin kogin Komadugu har zuwa matan makiyaya masu tallar nono a N'Guelbély, can arewa da Maine Soroa. Na farko mako 14 ne, na biyu kwana 40.

In lissafin kwanaki za a bi, an gama magana, 98 ta fi 40. Sai dai maijego ba kwanaki kaɗai take nema ba. Tana neman abin sawa a baka a cikin kwanakin nan, da wanda zai karɓar mata jariri ta ɗan runtsa, sannan ta tarar da sana'arta a inda ta bar ta. Da waɗannan abubuwa uku ya kamata a auna hutun biyu, kuma nauyin kowanne ba ya fitowa fili sai ranar da aka ce hutu ya ƙare, a koma bakin aiki.

Abin da doka ta bayar

Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45, ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ba ma'aikaciya damar ajiye aiki mako 14 a jere, 8 daga ciki bayan haihuwa. Idan likita ya shaida cewa ciki ko haihuwa ya bar mata wata larura, a ƙara mata mako 3. A tsawon wannan lokaci mai aiki ba shi da ikon sallamarta. Bayan ta dawo kuma tana da hutun shayarwa, wanda bai wuce awa ɗaya ba a kowace ranar aiki, har yaro ya cika wata 12. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu kundin daban, amma tsawon hutun duk ɗaya ne.

Wajen kuɗi ne ake samun tangarɗa. A kamfani ko ƙungiya, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, shi ke biyan rabin albashi. Ɗaya rabin yana wuyan mai aiki, bisa yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiyoyin ma'aikata da masu ɗaukar aiki, amma sai ga wadda ta cika shekara 2 a wurin. Wadda ba ta kai ba, rabi ne rabonta. Tun daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne na sefa a wata. Rabinsa jika 21 ke nan, a daidai lokacin da gida ya fi cin kuɗi: ga magani, ga sabulu, ga itacen wanka, ga baƙi masu zuwa barka. Ko wannan rabin ma ba ya samuwa sai in mai aiki ya riga ya yi mata rajista a asusun, yana kuma zuba kuɗinta.

A shekarar 2019 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 2000 domin kare mata masu haihuwa. Yarjejeniyar ta ce hutu kada ya gaza mako 14, kuɗin da za a ba mace kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashinta, ta koma kujerarta ko makamanciyarta ba tare da an rage mata ko dala ba, kuma lokacin shayarwa a lissafa shi cikin lokacin aiki. Ta ƙara da cewa in an sallami mai ciki ko mai goyo, mai aiki ne zai kawo hujjar cewa ba saboda haihuwa ba ne. A tsawon hutu ke nan Nijar ta cika mudu daidai baki, amma a kuɗi akwai saura ga sabuwar ma'aikaciya.

A ƙetaren Komadugu, dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta bayar da rabin albashi, ga wadda ta yi wata 6 tana aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, yayin da jihohi irin su Legas da Kaduna suka kai hutun ma'aikatansu mata wata 6. Ba don nishaɗi suka yi haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kira da a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa masa, kuma wannan kiran ne malaman asibiti ke nanata wa mata a kowace ranar awo. A Nijar kuwa, mako 8 bayan haihuwa kwana 56 ne. Ungozomar da ta wuni tana yi wa mata wa'azin wata 6, ita kanta doka tana jiranta a bakin aiki tun ɗanta bai cika wata 2 ba.

Abin da al'ada ta bayar

Hausa, Barebari, Fulani, kowa da nasa salon, amma tushen ɗaya ne: maijego ba ta taɓa komai sai ɗanta. Mai cikin fari ana kai ta gidan iyayenta goyon ciki tun kafin watanta ya tsaya. A wasu dangogin Fulani makiyaya ma, mai haihuwar fari takan shekara biyu ko fiye a wurin uwarta kafin ta koma ɗakin miji. Wadda ta saba haihuwa kuwa, uwa ko gwaggo ko yaya ce ke tattaro kayanta ta zo ta zauna da ita. Tun asuba an hura wuta, an ɗora tukunyar wanka da ganye. Da yamma a sake. A dama mata kunun kanwa, a yi mata farfesu da yaji, a gasa mata jiki, a yi wa jariri wanka a gasa masa cibi. Mai shigowa ya ce, “Barka da arziki, yaya ruwan zafi?” ya ajiye sabulu ko turmin zane ko 'yan kuɗi. Daka, ɗebo ruwa, girki, wanki, duk an ɗauke mata. Ran suna a yanka rago. In an yi arba'in ta ci ado, ta goya ɗanta, ta fita yawon gaishe da dangi.

Babu ofishin da ke iya ba mace irin wannan. Doka tana ba ta kwanaki, ta bar ta ita kaɗai a cikinsu. Al'ada tana cika mata ɗaki da mutane, kuma ba ta tambayar ta takardar ɗaukar aiki, ko shekara nawa ta yi a wurin. A ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 na masu neman abinci ba su da albashi a rubuce, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma jego ma yana da nasa aibu. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano alaƙa tsakanin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da wuce gona da iri wajen wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kanwa. Wannan gargaɗi ya shafi ƙasar Manga, a nan jihar Diffa, kai tsaye, domin a kwarurrukanta ake haƙo kanwar, ba ta da tsada a nan. Tsofaffin da ke kula da maijego kuma su ne sukan ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo ko madarar shanu tun yana ɗan kwanaki. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna jarirai 23 ne kawai cikin 100 na 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Babban giɓin kuwa shi ne jego ba ya biyan ko tamma. Abin da dangi suka kawo, shi ke nan.

Ranar komawa

Duk wanda ya saba shiga harabar firamare a garin Diffa ko Maine Soroa ya san wannan hoton. Madam tana gaban allo da alli a hannu. A waje, gindin dogon yaro, wata yarinya 'yar shekara tara ko goma tana kai da kawowa da jariri a bayanta, zanen goyon ya kusa kai mata ƙwauri. In ya tsanyara kuka duk ajin sai ya ji. Madam ta leƙa taga, ta duba agogo, ta ja mayafi ta rufe gaban rigarta da nono ya fara jiƙawa. In Allah ya haɗa ta da shugaba mai tausayi, ya ce, “Madam, je ki ba shi, ni zan tsaya miki.” In ba haka ba, ta daure sai an tashi shan iska. Ita kuwa 'yar rainon, an ɗauko ta ne daga ƙauye, kuma karatun da take jiyowa ta taga shi ne iyakar rabonta da makaranta. Ta wannan hanya mai albashi take cike giɓin da doka ta bari, kuma 'yar wani ce ke biyan kuɗin da yarintarta.

Awa ɗayan nan ta shayarwa tana da amfani ga wadda gidanta ke bayan ma'aikata. Ga malamar asibitin da ke kwana a bakin aiki, ko ma'aikaciyar agajin da mota ke kwasa da safe zuwa sansanin 'yan gudun hijira ba ta dawowa sai la'asar, awa ɗaya ba ta kai ta gida balle ta dawo da ita. Matso nono a ajiye kuma yana son wuri mai tsabta da sanyi, a garin da zafin bazara ke haura maki 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas.

A N'Guelbély babu ranar komawa guda ɗaya, aikin ne ke lallaɓowa da kansa. Yau ta ɗan taya tatsa, gobe ta kaɗa nono ta fid da mai, jibi ta ɗora ƙwarya a ka, ɗa a baya, ta nufi kasuwa tana nitsa ƙafa cikin rairayi. Yaro ya yi kuka, ta sauke ƙwarya a inuwar aduwa, ta juyo da shi gaba ya sha, ta mayar. Ba ta neman izinin kowa, ba ta duba agogo. A nan al'ada ta yi wa doka fintinkau, domin uwa da ɗa ba sa rabuwa. Amma in haihuwa ta faɗo a tsakiyar rani, lokacin da garke ke jiran a jawo masa ruwa daga rijiya mai zurfi, maza kuma sun yi nisa da shanu, arba'in ɗin takan koma ashirin, wani lokaci ma da an yi suna shi ke nan. Babu sufeton ƙwadago da za ta kai wa ƙara, domin ba mutum ne ya katse mata hutu ba, ƙishirwar dabbobi ce.

Haka abin yake a gonakin tattasai na bakin Komadugu. In ya nuna ba ya jiran kowa. Mai tsinka ranar da ba ta fita ba babu lada, wadda haihuwa ta riske ta a kakar tsinka kuwa ta yi asarar abin da za ta ci har wata shekara. Don haka za ka gan ta a wurin shanya da ɗanyen goyo, ƙurar tattasai tana sa ta atishawa, tana sa jaririn kuka. Mai tuyar ƙosai ko mai sayar da kayan miya a kasuwar Diffa, in ta dawo bayan kwana 40 sau da yawa takan tarar jarin ya tafi a hidimar suna, masu sayenta kuma sun saba da wata. Mai albashi aƙalla kujerarta tana nan, ƙarshen wata kuma yana zuwa.

Abin da rikici ya yi wa duka biyun

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Cikin 'yan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin tattasai da na kifi. Na tattasai sai a 2017 aka sake buɗe shi, na kifi a 2019. Fiye da mutum dubu 200 suka bar gidajensu, wasu suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, 'yan gudun hijira daga Borno kuma aka tsugunar da wasunsu a Sayam Forage. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta ƙara tarwatsa wasu.

Jego yana tsayuwa ne a kan uwa, da dangi, da ɗaki, da itace, da nama. Matar da ta haihu a bukkar leda, uwarta tana wani sansani, gwaggonta ta tsallaka Damagaram, itace ya yi tsada, shiga daji nemansa kuma kasada ne, wa zai ɗora mata ruwan zafi sau biyu a rana? Al'adar ta suɓuce mata, dokar kuwa dama ba ta taɓa sanin da zamanta ba.

A ɗaya ɓangaren, rikicin ya jawo ƙungiyoyin agaji da yawa, 'yan matan da suka yi karatu suka samu aiki. Sai dai galibin ayyukan na kwantiragi ne mai wa'adi, wata 6 ko shekara, gwargwadon kuɗin shirin. Doka ta hana sallamar mai hutun haihuwa, amma ba ta tilasta wa kowa sabunta kwantiragin da wa'adinsa ya cika ba. Ba a kore ta ba, ba a dai sake kiranta ba. Cika shekara 2 a wuri ɗaya ma, wanda shi ne sharaɗin samun cikakken albashi, yana da wuya a irin wannan aiki. Ga kuma malamar da aka turo daga Maradi ko Tawa zuwa wata makaranta a cikin tuddan rairayin Gudumariya ko N'Guelbély. Tana da takardar hutu a hannu, amma uwarta tana nesa da ita da ɗaruruwan kilomita. Ita doka ta samu, al'ada ta rasa.

Ina uba?

A nan doka da al'ada bakinsu ɗaya. Yarjejeniyar ma'aikata a Nijar kwana 1 tak ta ba uba in an yi masa haihuwa, alhali suna sai kwana 7. A Nijeriya gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza da kwana 14 a 2021. Al'ada kuwa ta ɗora wa uba rago da itace da nama da goro, sannan ta ce ya tsaya a zaure, ɗakin maijego na mata ne. Akan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wannan magana tana da ma'ana a gidan da ke cike da mata. A gidan haya mai ɗaki biyu a Diffa, inda daga miji sai mata, in bai ɗauki yaro ba babu mai ɗauka. Musulunci, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shayarwa ta shekara biyu ga mai son cikawa, ya kuma ɗora ci da tufatar mai shayarwa a wuyan uba. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram da tallafin asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa in an zaunar da maza an yi musu bayani, suna tura matansu awo, suna kuma raka su asibiti. Namiji ba ya rasa abin yi a gidan jego, in an ba shi lokaci, an kuma cire masa kunya.

Wanne ya fi?

Ga mace ɗaya mai cikakken aiki, wadda aka yi wa rajista ta kuma cika shekara 2, doka ta fi, domin ita kaɗai ke tsare mata albashi da kujera. Ga jama'ar jihar Diffa baki ɗaya kuwa, har gobe jego ne ke ɗauke da kayan, tunda shi ke kaiwa inda doka ba ta taɓa takawa ba. Abin damuwa shi ne doka ba ta faɗaɗa da saurin da jego ke raguwa. Hijira, tsadar rayuwa da zaman birni suna cin al'adar, kuma ba a ajiye komai a gurbinta ba.

Gyaran ba ya bukatar a ƙirƙiro sabon abu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta riga ta ba da shawarar mako 18, sai a fara daga nan, a ɗora ƙarin a bayan haihuwa. Kuɗin hutu gaba ɗaya ya fito daga asusun da kowa ke zubawa, domin muddin rabi yana fita daga aljihun mai aiki, zai riƙa kallon kowace sabuwar amarya a matsayin asara. Makarantu, asibitoci da manyan kasuwanni su ware ɗaki ko rumfa ta masu goyo, da babbar mace mai albashi da za ta kula da yaran, 'yan raino su shiga aji. A ba uba mako guda, daga haihuwa zuwa suna. Masu rarraba ma'aikata su riƙa duba mai ɗanyen goyo kafin su jefa ta inda ba ta da kowa.

Su kuwa mata marasa albashi, akwai turbar da aka riga aka share. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin awon ciki, ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, ke nan an yarda cewa haihuwa lamari ne na ƙasa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a Maradi a 1991, sun saba tara kuɗi duk mako, da ware wani abu domin taimakon wadda larura ta samu. In hukuma da masu agaji suka bi ta hannunsu suka ba kowace maijego ɗan tallafin da zai riƙe ta kwana 40, aka haɗa shi da zuwa awo da yi wa yaro takardar haihuwa, mai tsinkar tattasai ba za ta fita gona da ɗan kwana goma ba, mai ƙosai kuma za ta tarar da jarinta.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun kowa. Ma'aikaciya ta tabbatar an yi mata rajista a CNSS tun kafin ciki ya tsufa, ta riƙe takardun awo da na albashinta, in an tauye mata haƙƙi ta nufi ofishin sufeton ƙwadago. Shugaban ma'aikata ya san cewa awar shayarwa haƙƙi ce, ba alfarma ba. Maigida kuma, in babu gwaggo a kusa, ya tashi da asuba ya hura wutar da kansa.